Aminu Dantata: Shekara 94 a duniya, da kewar dattijon da sa'anninsa suka riga shi tafiya

Da safiyar Asabar 28 ga watan Yunin 2025 aka wayi gari da labarin rasuwar Alhaji Aminu Alhassan Dantata a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, yana da shekara 94. Kafin rana ta take tsaka labarin ya gama Kano, ya tsallako iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram, ya kai har zangunan Kumasi da Akra, inda sunan gidan ba baƙo ba ne. A kwanakin da suka biyo baya jaridu sun yi ta lissafi: kamfani nawa, fili nawa, kyautar biliyan nawa. Lissafin kasuwa ke nan, kuma ba laifi.

Amma a cikin gida lissafin daban yake. Waɗanda suka shiga takaba ta wata 4 da kwana 10, miji suka rasa. Waɗanda suka zauna karɓar gaisuwa, uba suka rasa, wasunsu ma da furfurarsu. Ga kuma jikoki da suka buɗi ido suka tarar da shi tsoho, har suka ɗauka haka zai yi ta zama. BBC ta ruwaito cewa ya bar mata 3, 'ya'ya 21 da jikoki 121.

Yanzu da ƙurar ta'aziyya ta lafa, yana da kyau a sake duban rayuwar mutumin ta wannan ƙofa. Dalili kuwa, akwai wata magana da ya faɗa da bakinsa shekara biyu da rabi kafin rasuwarsa, wadda ta shafi duk gidan da ke da tsoho a zaure, na mai kuɗi ne ko na talaka, a Kano ne ko a nan Nijar.

Maganar da ya yi a Koki

A watan Disambar 2022, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe a Najeriya, Sanata Kashim Shettima, wanda a lokacin yake takarar mataimakin shugaban ƙasa, ya kai masa ziyara gidansa da ke unguwar Koki a cikin birnin Kano. Kowa ya san yadda irin wannan ziyara take: a gaisa, a nemi albarka, a ɗauki hoto, a fita. Sai dattijon ya ɗauko zancen da ba wanda ya zo da shirin ji.

Ya nuna wa baƙin nasa cewa shi fa yanzu ba ya jin daɗin duniya. Ya ce ya zaga jihohin Najeriya, ko'ina ya yi abokai da abokan hulɗa, amma in ya zauna ƙirga waɗanda suka taso tare kuma suke raye, da ƙyar zai cika goma. Ya ce lokacinsa kawai yake jira. Sannan ya roƙi duk wanda ya saɓa wa ya yafe masa, shi ma ya yafe wa kowa.

Maganar ta yi yawo sosai a Facebook da WhatsApp. Wasu suka ɗauke ta wa'azi, wai ga mai kuɗi ya gane duniya ba komai ba ce. Wasu suka ce to, in Dantata ba ya jin daɗi, mu kuma mu ce me? Amma duk wanda ya taɓa zama da tsoho ɗan shekara 90 ya san abin da mutumin yake nufi. Bai ce ya rasa abinci ba, bai ce ya rasa masu hidima ba. Wanda zai ce masa "ka tuna lokacin da…" shi ya rasa.

A duba tsawon hanyar

An haife shi ranar 19 ga watan Mayun 1931, wadda ta zo daidai da farkon Muharram na shekarar 1350 bayan Hijira. Ya rasu a kwanakin farko na Muharram 1447, ka ga a lissafin wata ya cika 97 ke nan. Lokacin da aka haife shi, shekara biyar kacal da Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram suka mayar Yamai. Babu ƙasa mai 'yanci da ake kira Ghana, ko Nijar, ko Najeriya. Da fam da sule ya fara ciniki, naira ba ta zo ba sai 1973, lokacin ya haura arba'in.

A Kano ya ga sarakuna shida: Abdullahi Bayero da aka haife shi a zamaninsa, Muhammadu Sanusi na ɗaya, Muhammadu Inuwa, Ado Bayero, Muhammadu Sanusi na biyu da Aminu Ado Bayero. Biyun ƙarshe ya girme su da kusan shekara 30.

Sai kuma a ƙirga waɗanda ya yi wa rakiya. Yayansa Ahmadu ya rasu a 1960, yayansa Sanusi a 1997. Sarki Ado Bayero, wanda shekara guda ce tsakaninsu, ya rasu a 2014. Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule ya bi a 2017. A 2018 Khalifa Isyaka Rabi'u ya rasu, a ƙarshen shekarar kuma Alhaji Shehu Shagari. Waɗannan manya ne da jarida ta san sunansu. Ba a maganar direba, da dillali, da akawu, da maƙwabci, da abokin karatun allo, waɗanda ba wanda ya rubuta ranar mutuwarsu sai zuciyar wanda ya zauna da su. Kowace jana'iza ta tafi da wani yanki na labarinsa, wanda mutum biyu ne kawai suka sani.

Gidan da mace ta ba wa suna

Kafin a gane nauyin da ya ɗauka, sai an koma kan gidan da ya fito. Dantata Agalawa ne, 'yan kasuwar da suka yi suna wajen fataucin goro zuwa Gwanja, waɗanda masana tarihi ke danganta asalinsu da arewa, wajen ƙasar Abzinawa, kafin su sauko ƙasashen Katsina da Kano. Kakannin gidan madugai ne masu jan ayari.

Mahaifinsa Alhassan an haife shi a Bebeji a 1877. Yana yaro mahaifinsa Abdullahi ya rasu, mahaifiyarsa Amarya kuma, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Akra da zama. Wata tsohuwa mai suna Tata ce ta riƙe yaran. Daga nan sunan ya samo asali: Ɗan Tata. Wato sunan da yau yake jikin kamfanoni da manyan motoci da gine-gine, sunan matar da ta goyi maraya ne. Gidan da ya fara da haka ya san darajar riƙo.

Alhassan ya girma ya bi sawun mahaifiyarsa zuwa Gwanja da Kumasi da Akra, ya yi fataucin goro, har ya riƙa ɗora kaya a jirgin ruwa zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, kasuwar gyaɗa ta buɗe, ya shige ta da ƙarfinsa. A 1929 da bankin Turawan Ingila ya buɗe reshe a Kano, labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20.

Wannan zamani na gyaɗa namu ne mu ma. A lokacin mulkin mallaka gyaɗar ƙasar Maraɗi da ta Damagaram ta Kano take bi, a ɗora ta a jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Yawancin alhazan Maraɗi na farko da cinikin gyaɗa suka tashi. Kuma abin da ya rushe dalar gyaɗa a Kano, wato farin 1973 da cutar da ta biyo bayansa, shi ya karya kasuwar a nan ma. Tsofaffinmu da suka yi dako ko awo a wancan lokaci ba sa bukatar a gaya masu wane ne Dantata.

Wasiyyar 1955

A cikin wannan gida Aminu ya tashi, ɗaya daga cikin ƙananan 'ya'ya. Ya yi firamare a Dala, ya ci gaba da karatu a makarantar da mahaifinsa ya buɗe wa 'ya'yansa a gida. A 1948, yana ɗan shekara 17, aka sa shi a harkar sayen amfanin gona. Ba daga ofis ya fara ba, daga bakin sikeli ya fara.

A watan Agustan 1955 Alhassan ya kwanta ciwon ajali. Abin da masu tarihin gidan suka adana shi ne ya tara 'ya'yansa ya yi masu wasiyya: su zauna tare, kada su bar kamfanin ya wargaje, su riƙe zumunci har da auratayya a tsakaninsu. Ya rasu ranar 17 ga watan, aka binne shi a gidansa na Sarari. Aminu na da shekara 24, kuma a shekarar ce aka ba shi kula da harkokin kamfanin a Sakkwato.

Shekara biyar bayan haka Ahmadu, wanda ke jan ragamar kamfanin, ya rasu. Nauyin ya faɗo kan Aminu yana ɗan shekara 29, a shekarar da Nijar da Najeriya suka samu 'yancin kai. Daga ranar har ƙarshen rayuwarsa, sama da shekara 60, da wannan wasiyya ya yi ta tafiya.

Mai karatu ya san yadda abin yake a kasuwanninmu. Alhaji ya tara, ya rasu, a yi sadakar arba'in, a raba gado, wannan ya sayar da shago, wancan ya sayar da mota, bayan shekara goma sai dai a nuna maka kango a ce nan ne gidan wane. Rabon gado umarnin Allah ne, ba a ja da shi. Abin da ke kashe gida shi ne rabuwar kai da ke biyo bayan rabon. Gidan Dantata ma 'ya'ya sun karɓi rabonsu, wasu sun kafa nasu kasuwancin, amma sunan bai mutu ba, kuma an samu wanda kowa ke komawa wurinsa. A 'yan shekarun nan, wannan mutumin shi ne Alhaji Aminu.

Sauran aikinsa sananne ne. Ya faɗaɗa kamfanin zuwa gine-gine da sufuri da man fetur. Ya zauna a majalisar dokokin Jihar Arewa kafin juyin mulkin 1966. Ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo ta jihar Kano daga 1968 zuwa 1973. Yana cikin waɗanda suka tsaya har bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya fara aiki a 2012. Shi ne uban jami'ar Al-Qalam ta Katsina na farko. Ya gina cibiyar wankin ƙoda a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ya sa mata sunan mahaifinsa. Wannan na ƙarshe abin lura ne: dattijo mai jikoki, amma har lokacin yana ganin kansa ɗan Alhassan.

Kakan kowa

Da ya rasu, jaridun Turanci sun yi ta kokawa da yadda za su bayyana dangantakarsa da Aliko Dangote. Wasu suka ce kawunsa ne, wasu suka ƙirƙiro doguwar kalma. A Hausa abin ba shi da wuya. Mahaifiyar Aliko 'yar Alhaji Sanusi Dantata ce, Sanusi kuma yayan Aminu ne. Ƙanin kaka, kaka ne. Shi ke nan.

Wannan kalma guda ta nuna yadda muke ƙirga iyali. Jikoki 121 na cikinsa ne kawai. In aka haɗa da jikokin 'yan'uwansa da suka rasu suka bari, waɗanda a al'ada duk nasa ne, lissafin ya wuce nan nesa. Wanda ya rage a cikin 'yan'uwa shi ke gadon marayunsu. Shi ake kai wa maganar aure, shi ke ba da 'ya, shi ake gaya wa haihuwa kafin a raɗa suna, shi ake kai wa ƙara in an saɓa. In ya ce a bari, an bari.

Kuma kowane rukuni da irin mutumin da ya sani. Mata sun san maigida tun yana da ƙarfinsa, sun san fushinsa da sanyinsa, sun san abin da yake so a tukunya. 'Ya'ya, musamman na fari, a gidan Bahaushe da kunya da nisa suke tashi, uba ba ya sakar masu fuska sosai. Jika kuwa abokin wasa ne. Shi ke hawa cinya, ya ja gemu, ya ce tsoho ka ci zamaninka kana cin namu. Jika mace ita ce "amarya", ta yi ta kishi da kakarta ana dariya. Sannan ga masu sunan tsohon, waɗanda iyayensu ba sa iya kiran sunan saboda kara, sai a ce Abba, ko Baffa, ko Khalifa. Ko bayan an binne mutum, sunansa na nan yana yawo a tsakar gida cikin laƙabi.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Duk waɗannan mutane a ƙasansa suke. Suna durƙusawa su gaishe shi, ba mai musa masa, ba mai zolayarsa irin ta abokai, ba wanda ya san shi tun ba shi da komai. Mutum na iya zama a tsakiyar jama'a ɗari biyu, ya rasa wanda zai kira shi da sunansa kai tsaye. Kewar da ya bayyana a Koki ke nan.

Hanyar Madina

Wata huɗu bayan waccan magana, a watan Afrilun 2023, cikin azumi, ɗaya daga cikin matansa da suka daɗe tare ta rasu a wani asibiti a Jidda, aka yi mata makwanci a Madina. Duk wanda ya ga tsohon da matarsa ta riga shi ya san abin da hakan ke yi wa namiji. Abokan waje sun tafi, ga ta cikin ɗaki ma ta bi su.

Duk da haka bai naɗe hannu ya zauna ba. A watan Satumbar 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri, da kansa ya je jaje yana da shekara 93, ya ba da gudummawar naira biliyan 1.5. Kuɗin ana iya aikawa ta banki. Zuwan da ya yi da ƙafarsa shi ne irin tarbiyyar mutanen da, masu ganin jaje da ta'aziyya ba a aike.

Burinsa shi ne a binne shi a Madina, kuma Allah ya cika masa. An yi masa salatul ga'ib a Kano ranar da ya rasu. Bayan kammala takardu da hukumomin Saudiyya, aka kai gawarsa Madina, aka sallace shi a Masallacin Annabi (SAW) ranar Talata 1 ga watan Yuli, aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a. Gwamnatin Najeriya ta tura tawaga, gwamnan Kano ya je. Muhammadu Sanusi na biyu da Aminu Ado Bayero, waɗanda ke shari'a kan gadon sarautar Kano, kowannensu ya je Madina. Ko a ranar ƙarshe, dattijon ya tara waɗanda ba sa zama inuwa ɗaya.

Tsohon da ke zaurenmu

Ba don a yi ta yabon mai kuɗi aka kawo wannan labari ba. In mai hali irin wannan, da likitoci da masu hidima da jikoki fiye da ɗari, ya ce kewa ta dame shi, ina ga tsohon da ke kwance a zaure a Tasawa ko Madawa ko Mirya?

A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su kai 3 cikin 100 ba. Ka ga wanda ya kai 85 ko 90 a ƙauyensu, sau da yawa shi kaɗai ne. Shi ne ya ga aikin tilas na zamanin Faransa ko ya ji shi daga bakin wanda ya yi, ya ga zaɓen raba gardama na 1958, ya ga farin 1973 da yunwar 1984 da ake kira El-Buhari, ya ga ranar da aka karya darajar sefa a 1994. Shi ya san iyakar gona, ya san wa ya haifi wa, ya san dalilin da ya sa gidan nan da gidan can ba sa aure. Amma 'ya'ya suna Yamai ko Agadas ko Legas ko Libiya wajen nema, jikoki kuma kowa kansa na kan waya. Ana aiko kuɗin magani, ana aiko buhun hatsi, Allah ya saka. Hira ce ba a aikowa.

Abin da ake bukata ba mai tsada ba ne. A zauna da shi bayan la'asar, ba don an zo neman wani abu ba. A tambaye shi sunayen kakanni, da garuruwan da ya yi fatauci, da yadda ya haɗu da tsohuwa. Wayar da ke hannun jika tana ɗaukar murya, a ɗauka a ajiye. In yana da aboki guda da ya rage a wani gari, a sa shi a mota a kai shi su ga juna, ko a haɗa su ta waya su sha hirarsu. Wannan ziyara ɗaya ta fi masa sabuwar riga. Ita ma tsohuwa kada a manta da ita, domin rabin labarin maigida a wurinta yake, kuma bayan an fita takaba ita ce gidan ke yi wa faɗi.

In kuma ta Allah ta kasance, tunawa ba ta ƙarewa a sadakar uku da bakwai da arba'in. Malamai kullum suna faɗa mana cewa cikin biyayyar da ta rage wa ɗa bayan mutuwar uba akwai yi masa addu'a, da biyan bashinsa, da cika alkawarinsa, da sada zumuncin da yake sadawa, har da kyautata wa abokansa. Alhaji Aminu ya yi kusan shekara 70 yana riƙe da maganar da mahaifinsa ya faɗa a kan shimfiɗar ajali. Yanzu ta dawo kan 'ya'yansa da jikokinsa, kuma lokaci ne zai nuna yadda za su riƙe ta.

Allah ya jiƙan Alhaji Aminu Dantata, ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka riga mu. Waɗanda ke raye kuma Allah ya ƙara masu lafiya, ya ba mu ikon zama da su tun suna ji suna gani. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.